Akwati ya iso a ɓalle daga filin jirgin Garwa: wa za a riƙe?

Tambayar wata Hajiya ce daga Garwa. Ga ta a taƙaice: "'Yata da mijinta sun zo hutu daga Faransa. Na kama musu ɗaki a wani masaukin shaƙatawa a bakin tafkin Lagdo, na biya har da kuɗin motar da za ta ɗauko su daga filin jirgi. Sun sauka babu mota, suka gaji da jira suka ɗauki shatar tasi da kuɗinsu. Akwati ɗaya kuma bai sauka tare da su ba. Bayan kwana uku direban masaukin ya je ya karɓo shi, ya iso zik a ɓalle, turaruka da wasu kayan tsaraba sun yi ƙafa. Masauki ya ce laifin jirgi ne, kuma wai direban ma ba nasu ba ne, haya suke ɗaukarsa. Kamfanin jirgi ya ce shi ya miƙa kaya, an sa masa hannu. Wa zan riƙe?"

Hajiya, barka da baƙi, Allah ya mayar da mafi alheri. Na daɗe ina aikin tarbar baƙi da shirya tafiye-tafiye a nan arewa, kuma irin wannan rigima ba baƙuwa ba ce gare mu. Abin da ya sa take ɗaure kai shi ne ana ɗaukarta magana ɗaya, alhali magana uku ce aka ƙulle wuri guda: motar da ba ta zo ba, akwatin da ya makara, da kayan da suka ɓace daga cikinsa. Kowace da mai ita. Kafin komai ma, akwai abin gaggawa. Idan bai kai kwana bakwai da karɓar akwatin nan ba, 'yarki ta rubuta wa kamfanin jirgin ƙorafi yau ɗin nan, ko da ta imel ne, ta haɗa da hotunan akwatin. Dalilin zai zo a gaba.

Maganar mota ita ce mai sauƙi. Ke kika biya, masauki ya karɓa, ya ce zai ɗauko baƙi. Alkawari ya ƙullu tsakaninki da shi, ba tsakaninki da direba ba. Dokar mu'amala da kotunan wannan yanki ke aiki da ita, wadda Kamaru ta gada daga Faransa, ta faɗa a sashe na 1147 cewa wanda ya ɗauki alkawari bai cika ba, ko ya cika a makare, zai biya asarar da ya jawo, sai fa in ya nuna cewa wani abu ne daga waje da ya fi ƙarfinsa ya hana shi. Direba ya yi barci, ko ya tsaya ɗaukar fasinja a hanya, ko mai ya ƙare, babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin masauki. Saboda haka kuɗin motar da kika biya a mayar miki, in kuma kuɗin tasi ya fi shi, a cika bambancin.

Cewa "direban ba namu ba ne" ita ce amsar da aka fi ji, kuma ba ta da ƙafa. Kin kai wa tela ɗinki, ya miƙa wa yaron shagon maƙwabcinsa ya ɓata yadin, telanki za ki riƙe, shi ya san yadda zai ƙare da yaron. Yawancin masaukai ba su da motar kansu, kuma ba aibi ba ne. Hatta a Amurka, gidan shaƙatawar Disney da ke Orlando ya yi shekaru daga 2005 zuwa ƙarshen 2021 yana ɗauko baƙinsa daga filin jirgi a manyan bas-bas masu ɗauke da sunansa, alhali wani kamfanin sufuri mai suna Mears ne ke tuƙa su. Baƙo na manna wata alama ruwan ɗorawa a akwatinsa tun daga gida, ya tarar da shi a ɗaki ba tare da ya taɓa shi ba. Hannaye da yawa ne a tsakani, amma baƙon wuri ɗaya ya sani, wurin da ya biya.

Inda maganar ke canzawa shi ne in masauki bai sayar miki da motar ba. Akwai bambanci tsakanin "za mu turo mota, kuɗinta kaza, ga rasit" da "ga lambar wani direba da muka sani, ku daidaita". A na biyun masauki hanya kawai ya nuna, cinikinki da direba ne. Don haka duba rasit ɗinki, duba saƙonnin WhatsApp da kuka yi. In an rubuta kuɗin navet, kamar yadda muke ce mata a nan, ko an ce tana cikin kuɗin ɗaki, zance ya ƙare. Ko da an ce miki "kyauta ce", in da ita aka tallata ɗakin har kika zaɓe shi, kuɗinta na cikin kuɗin ɗakin. In kuwa ta hannun wata ajans, wato kamfanin shirya tafiye-tafiye, kika biya ɗaki da mota a dunƙule, ajans ɗin ce ta farko da za ki tuhuma.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa don kada a zalunci masauki: sai an ba shi lambar jirgi da ranar sauka. Lokutan jiragen cikin gida suna motsawa, wani lokaci a safiyar tafiyar. In an ba su lambar jirgi, aikinsu ne su bibiya, su kira filin jirgi kafin direba ya taso, domin daga Lagdo zuwa Garwa ba tafiyar minti goma ba ce. In kuwa abin da aka ce musu kawai shi ne "za su iso da la'asar", jirgi ya sauka da hantsi, babu wanda ya kira, to laifi ya rabu.

Sai akwatin da ya makara. Wannan ba ruwan masauki, ba ruwan ma'aikatan filin jirgi da mutane ke tsayawa suna yi wa faɗa. Kamfanin ADC ne ke kula da filin jirgin Garwa, amma fasinja ba da shi ya ƙulla ciniki ba. Wanda ya karɓi akwati ya manna masa alama mai lamba goma, ya ba da guntuwar takardar nan da ake liƙawa a bayan tikiti, shi ya ɗauki amana. Kuma mai haƙƙin nema a nan ba ke ba ce, Hajiya, wanda sunansa ke kan alamar ne, 'yarki ko mijinta.

Tafiyar da ta tsallaka ƙasa da ƙasa tana ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a 2003, kuma Kamaru da Faransa duk suna cikinta. Ita ta ce kamfanin jirgi zai biya asarar da jinkirin kaya ya jawo, da lalacewarsu, da ɓatansu, amma da iyaka. Iyakar ana lissafa ta da ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya. An fara da 1,000, aka ɗaga zuwa 1,131 a 2009, zuwa 1,288 a ƙarshen 2019, tun ƙarshen Disamban 2024 kuma 1,519 ne. In an canza ya ɗan haura sefa miliyan ɗaya, gwargwadon canjin ranar. Abu biyu mutane suke ruɗewa a kai. Na farko suna zaton kowane akwati ne, alhali kowane fasinja ne, ko akwatinsa ɗaya ko uku. Na biyu suna zaton da an yi ƙorafi za a ƙirgo miliyan a miƙa. Rufi ne, ba farashi ba. Abin da aka tabbatar da shaida shi ake biya, kuma tsohon kaya ba a biyansa da kuɗin sabo.

Wa'adi ne ke kashe yawancin ƙorafe-ƙorafe. Akwatin da ya lalace ko aka cire wani abu daga ciki, kwana bakwai ne daga ranar karɓa, a rubuce. Asarar jinkiri, wato kayan sawa da sabulu da man goge baki da suka saya cikin kwana ukun nan, kwana ashirin da ɗaya ne daga ranar da aka miƙa akwatin. Wanda bai zo ba sam, in ya cika kwana ashirin da ɗaya ana ɗaukarsa ɓatacce. Zuwa kotu kuma shekara biyu ne. Kiran waya da tsayuwa gaban kanta ana bambami ba sa tsayar da agogon nan. Takardar rahoton da aka cika musu ranar sauka, mai haruffa biyar da lambobi biyar, ta neman akwati ce, da ita ake bin sawunsa a rumbun WorldTracer da kamfanonin jirage ke amfani da shi. Ba ita ce takardar neman diyya ba. Mutane da yawa sun riƙe ta suna jiran kuɗi har wa'adi ya wuce.

Akwai tambayar da zan so ki yi wa surukinki: tikiti ɗaya suka yanka daga Paris har Garwa, ko biyu? Mai zuwa daga Turai yakan sauka Duwala ko Yawunde, sannan ya hau jirgin cikin gida. In tafiyar duka a tikiti ɗaya take, kamfanonin sun haɗu a alhaki, fasinja na iya neman na farko ko na ƙarshe, su ƙarata tsakaninsu. In tikiti biyu ne daban, babban kamfanin zai ce shi Yawunde ya yi alkawarin kai kaya, can aikinsa ya ƙare, na cikin gida kuma zai ce akwatin da bai taɓa shiga hannunsa ba ba ya kansa. Tafiyar cikin gida da aka sayi tikitinta ita kaɗai, sharuɗɗan da ke jikin tikitin da dokar ƙasa ake dubawa. A nan ne akwati ke kwana a ɗakin ajiya yana jiran mai ƙwazon da zai sa shi a jirgin arewa, kuma dole ya bi ta hannun duwan, wato kwastan, ba tare da mai shi ba. Buɗe akwati don bincike halal ne gare su, shi ya sa ba kowane zik da aka taɓa ne aikin ɓarawo ba.

Kai akwatin da ya makara har masauki, kamfanoni da yawa suna yi a manyan birane inda suke da masu kai saƙo. Abin da muka saba gani a nan shi ne a kira ka a ce kayanka sun iso, zo ka ɗauka. In haka ta faru, kuɗin zuwa ɗaukowa yana cikin asarar jinkiri, a ajiye rasit a haɗa da ƙorafi.

Yanzu ga inda nake so ki natsu, kayan da suka ɓace. Duk shari'ar tana rataye ne a kan minti biyar ɗin da direba ya tsaya gaban ma'aikacin jirgi ya sa hannu. Yarjejeniyar Montreal ta ce karɓar kaya ba tare da ƙorafi ba shaida ce ta farko cewa an miƙa su lafiya. Shaida ta farko, ana iya rushe ta, amma yanzu nauyin rushewar yana kanku. Shi ya sa kamfanin jirgi ya amsa miki da gadara. To amma ki duba abin da wannan sa hannu ya yi wa masauki. Ɗayan biyu ne. Ko direba ya karɓi akwati lafiya kamar yadda takarda ta nuna, ya iso Lagdo a ɓalle, to a hannun mutuminsu abin ya faru. Ko kuwa ya gan shi a ɓalle tun a filin jirgi, ya ja bakinsa ya yi shiru ya sa hannu, to sakacinsa ne ya raunana muku haƙƙinku a kan kamfanin jirgi. Ta kowace ƙofa suka bi, ba su fita ba. Wannan ita ce maganar da za ki ajiye gaban manaja, cikin ruwan sanyi.

Ban ce direban ɓarawo ne ba, kuma ina ba ki shawara kada ki furta haka. Akwatin da ya yi kwana uku yana yawo ya bi hannaye da ba za su ƙirgu ba. Galibin direbobin nan mutanen kirki ne da ba wanda ya taɓa koya musu cewa a juya akwati a duba kafin a sa hannu. Laifin rashin koyarwar na wanda ya aike shi ne. Ke ba mai laifi kike nema ba, mai biya kike nema, kuma doka ta raba biyun.

A al'adarmu da abin da malamai suka karantar da mu, ajiya amana ce, wanda aka ba ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ci amana. Da wannan tunanin masu masaukai da yawa ke cewa "wallahi ba mu taɓa ba", suna ganin rantsuwa ta wadatar. Dokar ƙasa ta fi tsanantawa a kan mai otal. Sashe na 1952 da na 1953 sun ɗora masa alhakin kayan da baƙo ya zo da su, ko ma'aikacinsa ne ya sata ko ya lalata, ko wani mai shige da fice. Sashe na 1384 kuma ya ce ubangida na ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Mafitar da aka ba shi a sashe na 1954 ita ce fashi da makami ko abin da ya fi ƙarfin mutum. Da a ce zargina, wato 'yan fashi, ne suka tare motar a hanya suka kwashe kaya, da sai mu ce Allah ya kiyaye gaba. Allon nan da ake rataye wa a bayan kanta cewa "otal ba ya ɗaukar alhakin kayan da suka ɓace" ba ya goge sakacin ma'aikaci, balle kayan da masauki ya aika a karɓo da kansa.

Abin da zai ba ku wahala shi ne tabbatar da abin da ke cikin akwatin. Ga dabarar da mutane ba su cika tunawa da ita ba: nauyi. An auna akwatin nan a Paris, nauyin yana cikin bayanan kamfanin jirgi, sau da yawa ma yana jikin alamar ko guntuwar takardar. A ɗora shi a sikeli da abin da ya rage a ciki, a ɗauki hoto. Akwatin da ya tashi da kilo 23 ya iso da 18 ya yi magana da kansa. A haɗa da rasit ɗin sayen turarukan, ko bayanin katin banki, tunda a can kusan komai da kati ake saye. In akwai zinariya ko kuɗi a ciki, zan gaya miki gaskiya, da wuya ku ga komai daga wajen jirgi, don sharuɗɗan kusan kowane kamfani sun ce irin waɗannan a riƙe su a jakar hannu. Mai kaya masu tsada yana iya bayyana darajarsu tun wajen awo ya biya ƙari don a ɗaga masa rufin, amma kaɗan ne ke yi.

Hukuncina, in aka tambaye ni: kuɗin mota na masauki ne ba gardama, asarar kwana uku ta kamfanin jirgi ce, kayan da suka ɓace kuma a nemi duka biyun a lokaci guda, amma ƙarfinku ya fi yawa a kan masauki. Ba za a biya ku sau biyu a kan abu ɗaya ba, kuma kada ku nema.

Ki fara da manaja, ba yaron da ke kanta ba, shi ba shi da ikon mayar da ko dala. Ki tafi da wani babba namiji ko mace da ake jin nauyinsa, ki kai takarda mai kwanan wata da jerin abin da kike nema da adadinsa, a sa miki hannu a kwafinki. Masauki irin wannan da bakin mutane yake ci, rabin baƙinsa 'yan Garwa ne masu zuwa ƙarshen mako da ma'aikatan ƙungiyoyi masu taro, kuma manaja mai hankali ya san abin da Hajiya ɗaya za ta iya yi masa a gidan biki. Mafi yawan irin wannan a nan take mutuwa, a mayar da kuɗin mota, a yafe kwana ɗaya ko biyu na ɗaki a madadin kaya. In tayin ya yi kusa da asararku, karɓi. In suka yi kunnen uwar shegu, akwai ofishin ma'aikatar yawon buɗe ido na jihar Arewa a nan Garwa, su ke sa ido kan masaukai ƙarƙashin dokar yawon buɗe ido ta 2016, akwai kuma dokar kare mai saye ta 2011 da ofishin ma'aikatar kasuwanci ke bi. Takardar gargaɗi ta hannun wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, ita ce mataki na gaba, sai dai ki lissafa kuɗinsa da na lauya ki gwada da kuɗin turare kafin ki ɗaga ƙafa. Rahoton sata a wajen jandarma yana da amfani in 'yarki da mijinta suna da inshorar tafiya, domin kamfanin inshora zai nema. Su duba katin bankin da suka sayi tikiti da shi, da yawa daga katunan Turai suna ɗauke da inshorar kaya mai shi bai sani ba, kuma ita ma tana da nata wa'adin.

Tunda baƙinki za su koma, wataƙila kuma su zaga wasu wuraren, bari in ƙara abin da ya fi akwati muhimmanci. Motar da za ta ɗauki mutum a tambayi takardar inshorarta. Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin tsarin inshora na CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, inshorar mota dole ce, amma ta motar gida daban, ta mai ɗaukar fasinja da kuɗi daban. Masaukin da ke aika motar ƙanen manaja ya ɗauko baƙi yana wasa da wuta. Masu zuwa Rumsiki ta filin jirgin Marwa-Salak, ko Waza, su tambaya tun kafin biya wa ke shirya rakiyar jami'an tsaro in ana buƙata, wa ke biyanta, kuma in jirgi ya sauka da yamma har tafiya ta gagara, wa zai biya kwanan Marwa. Masu sauka Injamena su tsallako Kusiri ta gadar Ngeli su tabbatar motar da aka turo tana da takardun ƙetare iyaka, in ba haka ba a bakin gada za a sauke su da kayansu. Zakuma kuwa, gandun namun dajin Chadi da ƙungiyar African Parks ke gudanarwa tun 2010, masu zuwa ta ƙaramin jirgi ana ƙayyade musu nauyi sosai, manyan akwatuna a Injamena ake barinsu, kuma duk otal ɗin da aka bar wa ajiya a karɓi takarda mai adadin akwatuna da kwanan wata.

In kuma aka sake samun akwatin da ya makara, mai shi ya daure ya bi direba zuwa filin jirgi. In ba zai yiwu ba, ya rubuta takardar wakilci da sunan direban, ya ce masa ya ɗauki hoton akwatin ta kowane gefe a gaban ma'aikacin jirgi, ya turo ta waya kafin ya sa hannu, in ya ga ɓaraka a rubuta ta a jikin takardar karɓa. Amma wannan na gaba ne. Na yanzu, ki kira 'yarki ki tambaye ta ranar da direban ya sa hannu, daga ranar ake ƙirga kwana bakwai ɗin, ba daga ranar da ta buɗe akwatin ba.